Yadda Ake Haɗa Gasar Kacici-Kacici Kan Fina-Finai, Talabijin da Tarihi

"Wane fim ne na farko a duniya?" Tambaya ce da ake ganin kamar ba ta da wata wahala, amma duk wanda ya jefa ta a gasar kacici-kacici ya taro wa kansa rigima. Wani zai ce na 'yan uwan nan biyu ne, Lumière, waɗanda suka nuna gajerun fina-finansu ga 'yan kallo masu biyan kuɗi a birnin Faris ranar 28 ga Disamba, 1895. Wani zai miƙe ya ce ai 'yan uwa Skladanowsky sun riga su da kusan wata biyu, a Berlin, ranar 1 ga Nuwamba na shekarar. Na uku kuma ya ce Louis Le Prince ya ɗauki hoto mai motsi a garin Leeds na Ingila tun 1888, ɗan guntu na kamar daƙiƙa biyu, kuma har yau yana nan. Dukkansu ba wanda ya yi ƙarya. Laifin na mai rubuta tambayar ne.

Gasa tana gyaruwa ko ta lalace tun kafin 'yan wasa su zauna. Aikin yana wajen tattara bayanai, tantance su, da rubuta tambaya ta yadda amsa ɗaya tak za ta dace da ita. Ga yadda ake bin sa daki-daki.

Mataki na farko: yanke girman gasar

Tambaya 40 ta ishi zama ɗaya. Raba su zagaye biyar, kowanne da tambaya takwas: fina-finai, talabijin, tarihi, waƙa da sauran abubuwan yayi, sai zagaye ɗaya na hotuna ko sauti. Kowace tambaya a karanta ta sau biyu, a ba da daƙiƙa 30 na shawara. Zagaye ɗaya zai ci kamar minti 10, duba amsoshi da faɗin maki ya ci 5. Idan ka haɗa da gabatarwa da hutun minti 10 a tsakiya, awa ɗaya da rabi ke nan. Abin da ya wuce haka mutane sukan fara hamma.

Kowane rukuni ya zama mutum huɗu ko biyar. Da sun kai bakwai, biyu ne za su yi ta amsawa, saura su zama 'yan rakiya.

Tara tambaya 60, domin wajen tantancewa za ka zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Mataki na biyu: zaɓen abin da ya cancanci a tambaya

Ba kowane bayani na gaskiya ne ya isa zama tambaya ba. Ranar haihuwar wanda ya riƙe fitila a wani tsohon fim gaskiya ce, amma ba mai saninta, ba kuma wanda zai ji daɗi idan aka faɗa masa. Abin da ake nema shi ne bayanin da zai sa wanda ya faɗi ya dafa kai ya ce "kash, ai na sani!", ko ya buɗe baki ya ce "haba dai?"

Ga irin su. Sarauniya Cleopatra ta Masar ta fi kusa da zamanin da mutum ya taka wata fiye da zamanin da aka gina babbar dalar Giza: an gina dalar wajen shekara 2,500 kafin haihuwarta, alhali tsakanin mutuwarta a shekara ta 30 kafin miladiyya da 1969 bai cika shekara 2,000 ba. Kamfanin Nintendo, wanda aka sani da wasannin bidiyo, an kafa shi a 1889 yana buga katin wasa. Yaƙin da ake kira na Shekara Ɗari tsakanin Ingila da Faransa shekara 116 ya yi, daga 1337 zuwa 1453. Yaƙin Birtaniya da Zanzibar na ranar 27 ga Agusta, 1896, bai kai awa ɗaya ba aka gama shi. An fara nuna shirin Doctor Who a BBC ranar 23 ga Nuwamba, 1963, washegarin kisan Shugaba Kennedy na Amurka.

Abin da ya haɗa waɗannan shi ne kowanne yana jingine da wani abu da mutane suka riga suka sani. Ko mutum bai san amsar ba, yana da abin da zai kama ya yi tunani. Tambayar da ba ta bar wa mai hankali ƙofar yin hasashe ba, ta zama jarrabawar hadda kawai.

Mataki na uku: tantancewa

Nan ne mafi yawan masu shirya gasa suke yin sakaci, kuma nan ne ya kamata rabin lokacinka ya tafi. Dalilin a fili yake: labarin da ya fi daɗin ji shi ya fi saurin yaɗuwa, ko gaskiya ne ko ƙarya. Jerin "abubuwa ashirin da ba ka sani ba" da ke yawo a intanet yawancinsu kwafar juna suke yi, don haka ganin magana a shafi goma ba ya nufin shaidu goma ne. Sau da yawa shaida ɗaya ce aka maimaita, wani lokaci ma babu ita sam.

Fara da sanin shahararrun ƙarairayi, don kada ka ɗauko su da hannunka.

Ana cewa Napoleon gajere ne ƙwarai. An rubuta tsawonsa ƙafa 5 da inci 2, amma da ma'aunin Faransa na lokacin, wanda incinsa ya fi na Ingila tsawo: kusan santimita 2.7 a kan 2.54. Idan aka juya, ya kai kusan mita 1.68, tsayin namiji na yau da kullum a zamaninsa. Masu zanen barkwanci na Ingila, irin su James Gillray, su suka ƙara dasa hoton ɗan ƙaramin mutum mai fushi a zukatan jama'a.

Ana cewa ana hango Babbar Ganuwar Sin daga duniyar wata. Wata yana da nisan kusan kilomita 384,000, ganuwar kuwa faɗinta 'yan mitoci ne. Ko Yang Liwei, ɗan sama jannatin Sin na farko, da ya kewaya duniya a 2003 daga nisan da bai kama ƙafar na wata ba, ya ce bai gan ta ba.

Ana cewa Einstein ya faɗi lissafi a makaranta. Abin da ya faru shi ne a 1895, yana ɗan shekara 16, bai ci jarrabawar shiga kwalejin fasaha ta Zurich ba saboda sauran darussa. A lissafi da kimiyyar fiziks ya yi zarra.

Hular ƙarfe mai ƙaho da ake zana wa mayaƙan Viking na arewacin Turai ita ma ba daga filin daga ta fito ba. Masu zane da masu ɗinka kayan wasan dandamali na ƙarni na 19 ne suka yaɗa ta, musamman kayan da aka yi wa wasannin Wagner, mai tsara kiɗa ɗan Jamus, a 1876.

Waɗannan ba asara ba ne. Suna yin kyau ƙwarai a zagayen "gaskiya ko ƙarya", muddin kai ka san inda gaskiyar take.

Sai maganganun fina-finai, waɗanda suka fi komai rikita mutane. Bakin jama'a yana gyara magana har ta fi ta asali daɗin faɗa. A fim ɗin The Empire Strikes Back na 1980, kowa yana ɗauka Darth Vader ya kira sunan Luke kafin ya gaya masa cewa shi ne mahaifinsa. Bai kira ba, da kalmar "a'a" ya fara. A Casablanca na 1942 babu wanda ya furta "Play it again, Sam" a haka. "Elementary, my dear Watson" ba ta cikin ko ɗaya daga labaran Sherlock Holmes da Conan Doyle ya rubuta. Haka nan Frankenstein, a littafin Mary Shelley na 1818, sunan masanin da ya ƙera dodon ne, dodon ba shi da suna. Ƙa'idar a nan gajeriya ce: gani ya kori ji. Kada ka sa maganar fim a tambaya sai ka kunna wurin ka ji da kunnenka, ka kuma rubuta mintin da aka faɗe ta.

Kada ma ka amince da tunaninka. Akwai mutane da dama da suka rantse sun tuna Nelson Mandela ya mutu a kurkuku a shekarun 1980, alhali an sake shi ranar 11 ga Fabrairu, 1990, ya mulki Afirka ta Kudu, ya rasu ranar 5 ga Disamba, 2013. Daga nan ne ma aka laƙaba wa irin wannan ruɗun tunani na taron jama'a sunansa. Tambayar da ka ce "wannan kam ba sai na duba ba" ita ce ka fara dubawa.

Hanyar tantancewa kuwa ga ta. Nemi asalin abin idan yana samuwa: fim ɗin kansa, littafin kansa, ko rumbun bayanan hukumar da ta ba da kyautar. Hukumar da ke ba da Oscar, babbar kyautar fina-finai ta Amurka, tana da irin wannan rumbu a intanet, inda ake ganin wanda aka zaɓa da wanda ya ci a kowace shekara. Idan asalin bai samu ba, nemi majiya biyu da ba su dogara da juna ba. Za ka gane masu kwafar juna idan jimlolinsu iri ɗaya ne, ko suka yi kuskuren rubutu ɗaya. Wikipedia wurin farawa ce mai kyau, amma sauka ƙasan shafin ka buɗe majiyar da aka jingina maganar da ita. Ka lura da ranar majiyar, domin yakan faru ɗan jarida ya kwafo kuskure daga shafin, daga baya wani ya kawo labarin ɗan jaridar a matsayin hujjar shafin. Maganar da ba ka samu tushenta cikin minti 10 ba, jefar da ita. Saboda irin wannan ne ka tara 60.

Mataki na huɗu: rubuta tambayar ta yadda amsa ɗaya ce

Bayani yana iya zama gaskiya tsantsa tambayar ta lalace. Kalmomi kaɗan ne ke jawo yawancin gardama, kuma babbarsu ita ce "na farko".

Duba fim ɗin zane mai motsi. Amsar da kowa zai kawo ita ce Snow White na Disney, 1937. Amma Quirino Cristiani ya yi El Apóstol a Ajantina tun 1917, ko da yake ya ɓace, kuma The Adventures of Prince Achmed na Lotte Reiniger, wanda aka yi a Jamus a 1926, yana nan har yau. Gyaran ba wuya: "Wane ne dogon fim ɗin zane na farko da kamfanin Disney ya fitar?" Ko kuma ka juya ta ta zama mai wuya: "Wane ne dogon fim ɗin zane mafi tsufa da har yanzu yake nan?"

Fim mai magana ma haka. The Jazz Singer na 1927 shi ake kira na farko, amma yawancinsa shiru ne da rubutu a allo, magana da waƙa a 'yan wurare kawai. Wanda aka yi magana tun daga farko har ƙarshe shi ne Lights of New York na 1928. A Indiya kuma Alam Ara ne na 1931. Dole tambayar ta faɗi wanne take nufi.

James Bond wani rami ne. "Wa ya fara fitowa a matsayin Bond?" Za a ce Sean Connery a Dr. No, 1962. Amma Barry Nelson ya taka rawar a wani shirin talabijin na Amurka a 1954. Ƙara "a fim ɗin silima" shi ke nan an toshe ƙofar.

Wanda ya ƙirƙiro talabijin kuwa, gara ka bar tambayar gaba ɗaya a wannan siga. John Logie Baird ya nuna nasa mai aiki da faifai mai juyawa a Landan ranar 26 ga Janairu, 1926. Philo Farnsworth ya aika hoto da na'ura mai aiki da lantarki zalla a Amurka a 1927. BBC ta fara watsa shirye-shiryenta na yau da kullum masu hoto mai inganci ranar 2 ga Nuwamba, 1936. Tambaya uku ke nan masu kyau, idan aka raba su.

Baƙar fata na farko da ya ci Oscar ma yana buƙatar kula. Hattie McDaniel ce, a 1940, saboda rawar da ta taka a Gone with the Wind. Sidney Poitier shi ne namiji baƙar fata na farko da ya ci kyautar gwarzon jarumi, a 1964. Halle Berry ta ci ta gwarzuwar jaruma a 2002. Kalma ɗaya ka sauya, amsar ta koma wani mutum.

Kalma ta biyu ita ce "mafi". Fim ɗin da ya fi kowanne kawo kuɗi: Avatar na 2009 ne ya riƙe kambin, Avengers: Endgame ya ƙwace a 2019, Avatar ya sake karɓa a 2021 bayan an sake nuna shi a Sin. Idan kuma aka yi la'akari da hauhawar farashi, Gone with the Wind na 1939 ake ba wa. Duk tambayar da ke da "mafi" tana buƙatar ma'auni da lokaci a cikinta: da wane lissafi, kuma zuwa yaushe.

Sai shekara da rana. Kyautar Oscar ana ba da ita ne a farkon shekarar da ke bin fitowar fim. Titanic ya fito a 1997, ya kwashi kyaututtukansa a 1998. Parasite na Koriya ta Kudu, fim na farko da ba na Turanci ba da ya ci kyautar fim mafi kyau, ya fito a 2019, ya ci a Fabrairun 2020. Ka ce "wanda ya fito a" ko "a bikin da aka yi a", kada ka ce "na shekarar" kawai. Neil Armstrong ya taka wata ranar 20 ga Yuli, 1969 a agogon Amurka, amma a agogon GMT ƙarfe 2:56 na daren da ya shiga 21 ga wata ne. Juyin juya halin Oktoba na Rasha ya faru ranar 7 ga Nuwamba, 1917 a kalandar da ake amfani da ita yanzu, domin Rasha tana kan tsohuwar kalanda a lokacin. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a Turai ranar 8 ga Mayu, 1945, Japan ta sanar da miƙa wuya ranar 15 ga Agusta, aka sa hannu ranar 2 ga Satumba. Shirin The Simpsons ya fara a matsayin shiri mai zaman kansa a Disamban 1989, amma gajerun sassansa sun fara fitowa a cikin wani shirin tun 1987. Idan shekara za ta wadatar, kada ka nemi rana.

Kalmar "nawa" ita ma tana cizo. Walt Disney ya ci Oscar 22 a takara, 26 idan aka haɗa da na girmamawa. Kuma "wane fim ne ya fi cin Oscar" ba shi da amsa ɗaya: Ben-Hur na 1959, Titanic, da The Return of the King na 2003 kowanne ya ci 11. Wannan ta fi kyau a matsayin tambaya mai maki uku.

Abu na ƙarshe a nan: fina-finai masu suna ɗaya. Akwai Ben-Hur na 1925, na 1959 da na 2016. Akwai Don na Amitabh Bachchan a 1978 da na Shah Rukh Khan a 2006. Devdas an yi shi sau da dama, ciki har da na Dilip Kumar a 1955 da na 2002. Duk inda ka ambaci fim, liƙa masa shekararsa.

Idan ka gama rubutawa, karanta kowace tambaya kamar kai ne ɗan wasan da ya fi kowa taurin kai, ka nemi amsa ta biyu da za ka iya karewa. In ka samu, tambayar ba ta nuna ba tukuna.

Mataki na biyar: daidaita wuya da sauƙi

A kowane zagaye na takwas, sa biyu masu sauƙi, huɗu matsakaita, biyu masu wuya. Buɗe da mai sauƙi, rufe da wadda amsarta za ta ba da mamaki. Abin da kake so shi ne rukunin da ya ci ya samu tsakanin 30 da 34 cikin 40, na ƙarshe kuma ya kusa rabi. Rukunin da ya tashi da maki 8 ba zai dawo ba.

Mai rubuta tambaya ba ya iya auna wuyarta, domin ya riga ya san amsa. Gwada su a kan mutum biyu da ba za su shiga gasar ba, ɗaya matashi ɗaya mai shekaru. Wadda duk suka kasa ko hasashe, sassauta ta. Ana sassautawa ta hanyar saka manuniya a cikin tambayar. Maimakon "Wane kamfani aka kafa a 1889?", ka ce "Wane kamfanin Japan ne da aka sani da wasannin bidiyo ya fara da buga katin wasa a 1889?"

Idan za ka ba da zaɓi, yi uku ko huɗu, kuma amsoshin ƙarya su yi kama da ta gaskiya a iri da tsawo. Kuskuren da aka fi yi shi ne amsar gaskiya ta fi sauran tsawo da bayani, ko a riƙa ajiye ta a wuri na biyu kullum. 'Yan wasa suna gane wannan tun zagaye na biyu. Daga nan karanta duka 40 a jere, ka tabbata wata ba ta tona asirin wata ba. Idan tambaya ta 6 ta ambaci "Titanic na 1997", ta 31 ba za ta nemi shekarar fitowarsa ba.

Mataki na shida: hotuna da sauti

Guntun sauti ko bidiyo ya zama daƙiƙa 10 zuwa 15, a kunna sau biyu. Sauya sunan kowane fayil zuwa lamba kafin ka haɗa kwamfuta da majigi, domin sunan fim yakan bayyana a saman allo ya ba da amsa kyauta. Kashe rubutun fassara, yanke tambarin tasha da sunan fim daga hoto. Sauke komai a kwamfutar tun da wuri, kada ka dogara da intanet a ranar. Gwada lasifika daga kujerar da ta fi nisa. Hotuna kuma buga su a takarda, kowane rukuni da tasa, ya fi aminci.

Mataki na bakwai: takardar alƙali da raba gardama

Takardar alƙali ba jerin amsoshi kawai ba ce. Gaban kowace tambaya a rubuta amsar, sauran sigogin da za a karɓa, waɗanda ba za a karɓa ba, da jimla ɗaya ta hujja. Misali a tambayar Bond: amsa Sean Connery, a karɓi "Connery", kada a karɓi Barry Nelson domin an ce fim ɗin silima.

Yanke waɗannan tun kafin a fara, ka kuma sanar da su. Sunan mahaifi ko na dangi shi kaɗai ya isa, sai inda mutum biyu ke da shi a fage ɗaya, kamar Katharine Hepburn da Audrey Hepburn, ko tarin jaruman Indiya masu suna Khan da Kapoor. Kuskuren rubutu ba ya hana maki idan an gane wanda ake nufi. Wanda ya rubuta amsa biyu a layi ɗaya bai samu komai ba. Rabin maki yana jawo ciniki, gara a bar shi.

Tanadi tambaya uku na raba kunnen doki, masu amsar lamba, wanda ya fi kusa ya ci. Shekarar da aka kafa masallacin Al-Ƙarawiyyin a birnin Fas na Maroko, 859, ta dace. Haka shekarar da aka yi bikin Oscar na farko, 1929, idan ba ta riga ta fito ba. Guji tsawon fim da minti, domin yakan bambanta tsakanin wanda aka nuna a silima da wanda aka sake tacewa.

Mataki na takwas: ranar gasar

Mutum biyu ake buƙata aƙalla, mai gabatarwa da mai riƙe maki. Mai gabatarwa ya karanta tambayoyin da ƙarfi a gida tukuna, ya koyi furta sunayen, ya kuma karanta abin da ke rubuce daidai duka sau biyun. Da ya sauya kalma a karo na biyu, ya haifi sabuwar tambaya.

Kowane zagaye da takardar amsarsa, mai ɗauke da sunan rukuni da lambar zagaye. A karɓe takardu kafin a faɗi amsa. Barin rukunoni su musanya takardu su duba wa juna yana rage lokaci, amma mai riƙe maki ya sake duba na manyan uku kafin a sanar da sakamako. Ko a bikin Oscar na 2017 an miƙa ambulan da ba shi ba, aka sanar da La La Land alhali Moonlight ne ya ci, sai da aka gyara a gaban duniya. Minti biyu na sake dubawa ya fi wannan sauƙi.

Waya kuwa, a kife ta a kan tebur lokacin zagaye, wanda aka gani da ita rukuninsa ya rasa makin tambayar. Ƙorafi a kawo shi a ƙarshen zagaye, ta bakin mutum ɗaya daga rukuni, a ba shi minti biyu. Idan ya tabbata tambayar na da amsa ta biyu mai inganci, a ba da maki ga duk wanda ya rubuta ɗaya daga cikin biyun, har da waɗanda ba su yi ƙorafi ba. Idan tambayar ce ta lalace gaba ɗaya, a soke ta ga kowa, a ɗauko wata daga ragowar da ka ajiye.

Bayan an tashi, kada ka zubar da takardun amsa. Ƙirga rukuni nawa suka ci kowace tambaya, ka rubuta a gefenta. Wadda kowa ya ci da wadda ba wanda ya ci, duk a sake musu siga. Sa alama a kan masu ruɓewa, wato duk mai ɗauke da "mafi", "har yanzu" ko "na baya-bayan nan", ka rubuta ranar da ka tantance su. Yaƙin Zanzibar yana nan yadda yake ko bayan shekara goma, amma tambayar fim mafi kawo kuɗi sai an sake duba ta duk ranar da za a ɗauko ta.